Darasin Wannan Wata: Yadda Ake Gano Ƙara A Tsohuwar Mota

Kaka ta yi. Yanzu ne lokacin da motocin ɗaukar kaya suka fi shan wahala. A-kori-kura da manyan motoci suna ta jigilar gero da dawa da wake daga ƙauye zuwa kasuwa. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne. Har yanzu akan ga Marsandi 911, irin wadda aka riƙa haɗawa a Inugu a shekarun 1980, tana bin hanyar burji da buhuna har sama.

Tsohuwar mota ba ta rasa ƙara. Direba ya san ƙarar da ya saba ji. Wadda ake tsoro ita ce sabuwa, wadda jiya babu ita, yau ga ta. Wani direban sai ya ƙure rediyo ya ci gaba da tafiya. Wannan ganganci ne. Wata ƙarar ta noti ɗaya ce da ya kwance. Wata kuwa tana iya kifar da mota da mutanen da ke kan kaya.

Kafin a ɗauki sifana, a fara da kunne. Tambaya ta farko ita ce, yaushe ƙarar take zuwa? Tana zuwa mota na tsaye inji yana aiki? Ko sai ana gudu? Ko kuwa sai an shiga gargada? Amsar wannan tambaya ita ce rabin aikin.

A sami fili shimfiɗaɗɗe a tsayar da mota. A ja birkin hannu, a cire giya, yaron mota ya sa waigi. Sai a tayar da inji a saurara. Idan ƙarar ta fito a nan, to, ba ta taya ba ce, ba ta sifirin ba ce, domin duk suna tsaye. A taka totur a hankali. Idan ƙarar tana ƙaruwa tare da inji, a nemi wajen inji da fanka da salansa. A kuma taka kuloci a saki. Idan ƙarar ta canza, wajen kuloci da giya za a duba.

Salansa ita ce ta fi yawan kawo kwaram-kwaram a tsohuwar mota. Ƙarafan da suke riƙe ta sukan tsinke, robobinsu sukan mutu, sai ta riƙa bugun jikin mota. A bari ta huce sarai, sannan a girgiza ta da hannu. Gyaranta ba tsada. Amma kada a raina ta. Idan ta fashe a ƙarƙashin inda direba yake zama, hayaƙi yana shiga ciki. A cikin hayaƙin nan akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, tana kisa. Saboda haka ne ba a barin inji yana aiki a cikin rufaffen wuri.

Makanikai suna da wata dabara ta sauraren inji. Sukan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, su kara ƙotarsa a kunne. Ƙarfe yana kai ƙara, sai a ji inda ta fi ƙarfi. Guntun tiyo ma yana yin wannan aiki. Mai yin haka ya tuɓe babbar riga da rawani tukuna, ya naɗe hannun riga. Fanka da fanbel ba sa jiran kowa.

Akwai ƙarar da ba a yi mata gardama. Ita ce bugu mai nauyi daga can ƙasan inji, gwaf-gwaf, kamar ana dukan ƙarfe da guduma a cikin tukunya. In har jar fitilar baƙin mai ta kama tare da ita, a kashe inji nan take. A duba baƙin mai. Ko da an ƙara mai, idan bugun bai daina ba, a jawo motar zuwa gareji, kada a tuƙa ta. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari, yakan ƙare da sayen wani injin.

To, idan mota na tsaye babu ƙara fa? Sai a gwada ta a hankali a hanya shimfiɗaɗɗiya wadda ba jama'a. Yaron mota ya zauna a baya ya saurara, domin ƙara tana ruɗin kunne. Direba yakan rantse a gaba take, alhali a baya take. Idan ƙarar tana sauri yayin da mota ke sauri, abin da ke juyawa tare da taya ne.

A fara da notunan taya. A bi su ɗaya bayan ɗaya da sifanar taya. Idan an ga tsatsa ta zubo daga gindin noti kamar hawaye, alama ce ya yi sako-sako. Notin da ya kwance yakan ci ramin da yake ciki, ƙarshe taya ta fice ana cikin gudu. Motar da take da tagwayen taya a baya, a leƙa tsakaninsu, dutse yakan maƙale a wurin. Bayan an yi ’yar tafiya, a kai hannu kusa da cibiyar kowace taya. Wadda ta fi sauran zafi ƙwarai, ko boris ɗinta ya lalace, ko birki yana kamawa.

Sai furofela, wato dogon ƙarfen nan da yake kai ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyin baya. Yana da gaɓoɓi da suke son giris. Idan gaɓa ta cinye, akan ji ƙwal lokacin da aka tashi mota ko aka ɗaga ƙafa daga totur, kuma mota takan yi rawa a guje. A kashe inji, a sa waigi gaba da baya, a kama furofela a murɗa. Bai kamata gaɓar ta yi wasa ba. Wannan gyara ba ya jiran a dawo daga kasuwa. Idan gaɓar gaba ta tsinke ana gudu, ƙarfen yakan faɗo ya caki ƙasa, yana kuma iya fasa bututun birki.

Ƙarar da ba ta zuwa sai a gargada, yawanci ta sifirin ce. A duba ko wani falle ya karye, ko notunan da suka ɗaure sifirin da aksul sun kwance. Lodi fiye da ƙima shi ne babban mai karya su. A duba katakon bodi da ƙofar baya da abin da ya riƙe batir. Wani lokacin ma jak ne da sifanu suke rawa a ƙarƙashin kujera, an yi kwana uku ana zargin inji.

Duk mai shiga ƙarƙashin mota, kada ya dogara da jak kaɗai. A sauke kaya, a tokare ta da kututture mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri. Jak yakan zame a rairayi.

Idan an yi duk wannan ba a gano ba, sai gareji. A nan karatu yake da rana. Direba ya rubuta a ɗan littafinsa ranar da ƙarar ta fara, da giyar da yake ciki, da kaya ko ba kaya, inji da sanyi ko da zafi. Ya miƙa wa makanike. Ya kuma nemi su shiga motar tare, makanike ya ji ƙarar da kunnensa kafin ya kwance komai. Idan an canza wani ƙarfe, mai mota ya karɓi tsohon ya gani, ya rubuta kuɗin da ranar a littafin.