Ɗaukaka Ƙara Ga Mai Safarar Ƙwaya Wanda Ya Maimaita Laifi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙauyukan Tofa, inda gonar gandu ba ta da yalwa, yakan faru a kama yaro da dillancin ƙwaya ko tabar wiwi karo na biyu, kotu ta tsananta masa hukunci, uba kuwa ya shiga shawarar jinginar da gona don ɗaukaka ƙara. Shin shari'a ta yarda da wannan?

Da farko, a sani cewa malamai sun haɗa duk abin da ke gusar da hankali da giya wajen haramci. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, la'anar giya ta haɗa har da mai sayar da ita da mai ɗaukarta. Sai dai shari'a ba ta yanka wa dillali haddi ba. Hukuncinsa ta'aziri ne, watau horon da alƙali ke aunawa gwargwadon laifi da halin mai laifi. Saboda haka wanda aka hora ya koma, daidai ne a ƙara masa.

Duk da haka, komawa ga laifi ba ya soke haƙƙin mutum na a saurare shi. Sayyidina Umar, a wasiƙarsa ga Abu Musal Ash'ari, ya hore shi da kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa. Malaman Malikiyya kuma sun ce ana warware hukunci idan ya saɓa wa nassi bayyananne, ko ijma'i, ko ƙiyasi bayyananne, ko ƙa'idojin shari'a. A ƙasar Kano ma, a zamanin En'e, wanda bai gamsu da hukuncin alƙalin gunduma ba yana iya kai kukansa birni.

Tarihin ƙasar nan ya nuna haɗarin toshe wannan ƙofa. A 1984 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 20, mai hukunta safarar hodar iblis da kisa, aka kuma mayar da ita baya ta hau laifuffukan da suka riga ta. A watan Afrilu 1985 aka harbe samari uku a Legas, ba tare da wata kotu ta sama ta sake duba shari'arsu ba. Daga baya aka soke hukuncin kisan, sannan a 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Yau Babbar Kotun Tarayya ke sauraron ƙararrakin wannan hukuma, kuma wanda aka yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya kai kuka Kotun Ɗaukaka Ƙara.

To, amma a bambanta ɗaukaka ƙara da kamun ƙafa. Ita ɗaukaka ƙara nuna kuskure ce: shaidar da ba ta inganta ba, ko iƙirarin da aka karɓa da tilas, ko horon da ya wuce iyakar doka. Kamun ƙafa kuwa neman a kau da kai ne daga gaskiya, irin wanda Manzon Allah ya yi wa Usama ɗan Zaidu faɗa a kansa game da matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata.

Don haka uba ya fara tambayar lauya: ina kuskuren yake? In akwai shi, neman gyara halal ne, kuma taimakon wanda aka zalunta ne. In babu, kada a salwantar da abincin iyali da gadon ƙannen mai laifi. Kada kuma a tsine masa, domin Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. A ziyarce shi a gidan yari, a yi masa nasiha, a tanadar masa sana'a kafin ya fito.

Allah Shi ne Mafi sani.