SHIN KARATU YANA IYA RUFE WA MUTUM IDO GA BARIN ZAHIRI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya yi mana baiwar hankali, Ya hore mana alƙalami da tawada. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Darasinmu na wannan fitowa yana kan wata tambaya ce mai kama da wasa, amma tana da nauyi: shin mutum zai iya yin karatu har karatun ya sa ya daina ganin duniya yadda take? Wani zai ce, "Haba Malam, karatun da wahayin farko a Suratul Alaƙ ya zo da umurninsa?" Gaskiya ne, karatu haske ne. To amma ka taɓa kallon rana tsakar sanya, sannan ka shiga ɗaki? Ai na ɗan lokaci ba ka ganin ko tabarmar da ke gabanka. Amsar dai ita ce e, yana iya faruwa, kuma ta hanyoyi huɗu da za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

HANYA TA FARKO: ƊAUKAR ƘAGAGGEN LABARI A MATSAYIN GASKIYA

A shekarar 1605 wani marubuci na ƙasar Sifen, Migel de Sabantes, ya fitar da littafin Don Kihote, kashi na biyu kuma ya biyo baya a 1615. Labarin ƙirƙira ne, amma an gina shi kan wannan tambaya tamu. Wani dattijo ne ɗan kimanin shekara 50 a yankin La Manca, ya kamu da son littattafan barade da jarumai. Ya bar kula da gonarsa, har ya sayar da wani sashe nata ya sayi littattafai. Dare karatu, rana karatu, barci ya ƙaurace masa, har kansa ya juye. Sai ya ɗauko tsofaffin sulken kakanninsa da suka yi tsatsa, ya ɗaura wa ramammen dokinsa sirdi, ya fita wai zai kawar da zalunci daga duniya.

Ka ji abin da ya biyo baya. Ya ga masaukin fatake, ya ce fadar sarki ce. Ya ga injinan niƙa masu aiki da iska, guda 30 ko 40, ya ce ƙattai ne masu dogayen hannuwa. Baransa Sanco, manomi ne da bai iya karatu ba, yana ta ce masa, maigida injinan niƙa ne fa, amma ina! Ya zaburi doki ya kai wa ɗaya suka, fiffiken injin ya yi jifa da shi da dokin duka. Wata rana ya hangi ƙurar garken tumaki, ya ce runduna ce, ya afka musu da mashi, makiyaya suka yi masa ruwan duwatsu har ya rasa haƙora.

Ka lura da abu guda. Idon dattijon nan lafiya lau yake. Abin da ya lalace shi ne fassarar abin da idon ya gani. Duk lokacin da zahiri ya ƙaryata shi, sai ya ce wani matsafi ne ya juya ƙattan suka koma injina don ya kunyata shi. Wato littafi ya zama alƙali, zahiri ya zama wanda ake tuhuma.

Kakanninmu sun san wannan haɗari tun kafin zuwan boko. Shi ya sa tatsuniya take da ƙofar shiga da ƙofar fita. Kaka za ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta rufe da "ƙurunƙus", har ta faɗa wa jikoki cewa da ma ƙarya ce ta shara musu. Yaro ya tashi ya san Gizo da Ƙoƙi na cikin tatsuniya ne, ba zai je neman gidansu da safe ba. Haka wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya sha dariyar Malam Zurƙe, ba a ji ya yi guzuri ya tafi ɗebo ruwan ba.

Matsalar takan zo ne idan labarin ya yi kama da rayuwarmu sosai. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 littattafan soyayya sun cika kasuwannin Kano da sauran garuruwa, yau kuma irinsu na yawo a waya ta WhatsApp. A yi adalci: mata da yawa ta nan hannunsu ya faɗa da karatun Hausar boko, kuma wasu marubutan, irin su Balaraba Ramat Yakubu, sun taɓo matsaloli na gaske kamar auren dole da wulaƙanta mata. Amma ke ɗaliba, in kin karanta littafi 50 kuma a kowanne saurayin ɗan attajiri ne, ga mota, ga gidan bene, ba ya gajiya, ba ya fushi, ba a taɓa jin cefane ya gagare shi ba, me zai faru ran da malamin firamare mai keke da kyawun hali ya yi sallama a ƙofar gidanku? Ko ran da aka kai ki ɗaki kika tarar aure akwai wanke-wanke, da jinyar yaro cikin dare, da ƙarshen wata? Kai ma ɗalibi, in duk matan da ka sani na cikin takarda ne, waɗanda ba sa ciwon kai ba sa ɓata rai, ka shirya zaluntar 'yar mutane ke nan, don za ka auna ta da wadda ba a taɓa haifa ba.

HANYA TA BIYU: MAIMAICI

Wataƙila ka ce, "Ni na san ƙarya ce, ina karantawa ne don nishaɗi." Madalla, amma saurara. A 1977 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Hasher da Goldstein da Toppino, sun riƙa karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, a zama uku da ke da tazarar mako biyu-biyu. Sai aka ga maganganun da aka maimaita, ɗaliban suna ƙara yarda da su a kowane zama, ko da kuwa na ƙarya ne. A 2003 kuma Marsh da abokan aikinta suka ba mutane gajerun ƙagaggun labarai da aka cusa wa bayanan kuskure. Da aka yi musu tambayoyin ilimin yau da kullum daga baya, sai ga su suna amsawa da kurakuran nan, wasu ma suna ganin ai da ma can sun san abin.

Dalili shi ne, zuciya takan riƙe magana ta manta inda ta samo ta. Abin da kunne ya saba da shi, sai ya zo da sauƙi, sauƙin kuma sai a ɗauke shi alamar gaskiya. Haka wanda kullum labarin kisa da sata yake karantawa, sai ya wayi gari yana zargin maƙwabcinsa na shekara 20.

HANYA TA UKU: KARANTA GASKIYA DA GURGUWAR FAHIMTA

Wannan ta fi shafar mu 'yan Islamiyya. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin Sahabi Adiyyu bn Hatim (R.A.). Da ya ji aya ta 187 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci farin zare da baƙin zare game da lokacin kame baki, sai ya samo igiya fara da baƙa ya sa ƙarƙashin matashinsa, yana dubawa cikin dare. Da gari ya waye ya je ya faɗa wa Annabi (S.A.W.), sai ya bayyana masa cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Balarabe ne fa, harshensa ne, amma ya buƙaci malami. Kuma ka ga abin da ya tsirar da shi: bai kwana biyu a kan fahimtarsa ba, ya je ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Ga kuma waɗanda ba su tambaya ba. Khawarijawa mutane ne masu yawan tilawa da tsayuwar dare, amma kamar yadda aka ruwaito daga Abdullahi bn Umar (R.A.), sun ɗauki ayoyin da suka sauka kan kafirai suka ɗora wa muminai. Malaman tarihi sun kawo cewa ɗayansu ya tsinci dabino guda da ya faɗo ya sa a baki, 'yan'uwansa suka yi masa ca don bai biya ba, ya tofar. Mutanen nan dai su ne suka yanka Abdullahi bn Khabbab ba da hakkin komai ba. Dabino ya zama babba a idonsu, jinin Musulmi ya zama ƙarami. Abdullahi bn Abbas (R.A.) ya je ya zauna da su ya warware musu ayoyin, da yawa suka dawo, sauran aka gwabza da su a Naharawan a shekara ta 38 bayan Hijira. Saboda irin wannan ne magabata suka yi ta gargaɗi kan ɗaukar ilimi daga wanda takarda kaɗai ce malaminsa.

HANYA TA HUƊU: "AI A LITTAFI NA GANI"

Sau nawa ka ji an kashe gardama da wannan kalma? Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya soki marubuta tarihi masu kwafe labari ba tare da sun auna shi da yadda al'amura ke gudana ba. Ya kawo misalin Mas'udi da wasunsa da suka ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa (A.S.) sun kai 600,000. Sai ya tambaya: wane fili zai ɗauki sahun wannan runduna? Ya ce daular Farisa, duk da girmanta, abin da ta tara a Ƙadisiyya 120,000 ne. Ya ƙara da cewa kakanni huɗu ne kawai tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, yaya zuriya za ta yaɗu haka? Ka ga malami bai ji tsoron tawada ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari, kuma labari bai fita daga wannan hukunci don an buga shi a inji ko ya zo a waya ba.

TO MENE NE MAGANI?

A labarin Don Kihote, limamin garinsu da wanzami sun ƙone yawancin littattafansa, aka toshe ƙofar ɗakin karatun da gini. Bai warke ba, ya sake sulalewa ya fita, don littattafan sun riga sun koma cikin kansa. A Kano ma an yi taron ƙona wasu littattafan hikaya a 2007, ga shi yau ana karanta irinsu a waya. Wuta tana cin takarda ne kawai. Ga abin da ya fi:

1. Kafin ka fara, san irin abin da ke hannunka: wahayi ne, ko bayanin malami, ko tarihi, ko ƙagaggen labari? Kowanne da ma'auninsa.
2. Tambayi kanka: wa ya rubuta, daga ina ya samo, me yake so in yi?
3. Littafin addini a gaban malami ake karanta shi. Abin da ya shige maka duhu, kada ka yi aiki da shi sai ka tambaya.
4. Kada ka tsaya kan iri ɗaya. Mai cin tuwo kaɗai ba miya, jikinsa zai faɗa masa.
5. Rufe littafi ka shiga mutane. Je aike, gai da mara lafiya, zauna da kakarka. Gani ya kori ji.
6. In karatu ya fara cin sallarka, ko barcinka, ko ya sa kana raina gidanku da iyayenka, to ka dakata ka sami babba ku yi magana.

Ku kuma iyaye, Allah Ya ƙara muku girma, ƙwace littafi da duka ba ya hana karatu, sai dai ya mai da shi ƙarƙashin bargo. Ku ce, "Zo ki ba ni labarin abin da kika karanta." In ta gama ku tambaye ta, "To a unguwar nan kin taɓa ganin an yi haka?" Ko ba ku iya boko ba, kun iya duniya, kuma ita ce yaran ba su karanta ba tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

TAMBAYOYI

1. Kawo hanyoyi huɗu da karatu ke iya karkatar da tunani.
2. Me ya bambanta Adiyyu bn Hatim (R.A.) da Khawarijawa?
3. Waɗanne hujjoji Ibn Khaldun ya kafa?
4. Zaɓi labari guda da ka karanta, ka rubuta abu uku a cikinsa da ka taɓa gani a zahiri, da uku da ba ka taɓa gani ba. A rubuta da ajami ko boko, a kawo wa malamin aji.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.