Yajin Kurmi da Ƙwaron Wake

In ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tsaya wurin masu kayan yaji. Zafin barkonon nan da ke sa ka atishawa makami ne da tsiron yake kare kansa da shi.

Wannan makamin na iya taimaka maka wajen yaƙar ƙwaron wake, wanda tun a gona yake yin ƙwai. Tsutsarsa ta huda ƙwayar waken, ta girma a ciki. Duba wakenka: farin ɗigo-ɗigon nan ƙwai ne. Shanya waken a rana mai ƙuna, ka gauraya da busasshen barkono ko toka. Sai dai barkono taimako kawai yake yi. Zuba waken a jarka, ka cika ta taf, ka rufe gam. Rashin iska ke kashe ƙwaron.