AMFANIN KOYON JAMUSANCI GA SAMARIN BATSARI DA SAFANA

Duk wanda ya zauna a bakin kasuwar Batsari ran da ta ke ci, ya zuba ido ga abin da ke shiga da abin da ke fita, zai ga aikin waɗansu mutane da galibinsu ba su taɓa jin sunan Batsari ba. Ga babbar mota an cika ta da rogo da masara, a goshinta an rubuta MAN, ko kuwa an kafa tauraron Marsandi. Ga manomi ya ɗaure buhun yuriya a bayan babur zai koma Ruma ko Wagini. Ga yaro an aiko shi sayen magi, ga ango yana taya shaddar Gezna. Waɗannan abubuwa duka asalinsu ƙasashen da a ke magana da Jamusanci ne. Nufin wannan darasi shi ne a bayyana dalilin da ya sa ya kamata waɗansu daga cikin samari da 'yan matan ƙasar Sarkin Ruma da ta Yariman Katsina su koyi wannan harshe, da kuma sharuɗɗan da za su sa koyon ya yi amfani.

1. Masu harshen da masana'antunsu

Mutanen da suka tashi da Jamusanci a bakinsu sun kusa miliyan 100. Shi ne harshen hukuma a Jamus da Ostiriya da Liktanstain, yana kuma cikin harsunan hukuma na Suwizalan da Lukzambur da Beljiyam. A nahiyar Turai duka babu ƙasar da ta kai Jamus ƙarfin arziki, kuma arzikin nan nata a kan ƙere-ƙere ya ke tsaye.

A birnin Mannheim ne Carl Benz ya yi rajistar motarsa ta farko a shekarar 1886, sunansa kuwa yana nan a jikin Marsandi har yau. A Augsburg ne Rudolf Diesel ya tayar da injinsa a 1897, a ma'aikatar da ta zama MAN, kuma da sunansa a ke kiran man dizal. Takin zamani ma haka. Fritz Haber da Carl Bosch su ne suka gano yadda za a ɗebo sinadarin da shuka ke bukata daga cikin iska, kamfanin BASF ya fara yinsa da yawa a 1913. Yuriyar da a ke yi a Legas da Fatakwal a kan wannan hanya a ke yin ta. Magi sunan wani mutumin Suwizalan ne, Julius Maggi, wanda kamfaninsa ya haɗe da Nestlé a 1947. Gezna kuwa Getzner ne, masaƙa ce da ke garin Bludenz a Ostiriya, an kafa kamfanin tun 1818.

Waɗansu daga cikin kamfanonin nan sun zo Nijeriya da ƙafarsu. Julius Berger ya shigo a 1965 domin gina gadar Eko a Legas, daga baya ya yi ayyuka masu yawa a Abuja. Volkswagen ya fara harhaɗa motoci a Legas a 1975. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanin Steyr na Ostiriya ya kafa ma'aikatar taraktoci da manyan motoci a Bauchi, ko da ya ke daga baya ta durƙushe. A 2019 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Siemens domin gyaran hanyoyin rarraba wutar lantarki.

2. Baƙon da ya bi ta Zakka

Hulɗar Jamusawa da wannan yanki ta girmi motoci. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mutumin Hamburg, Heinrich Barth, ya iso Katsina a zamanin Sarki Muhammadu Bello, yana tafiya da sunan Abdulkarim. Ya sake dawowa a 1853, a watan Maris ya tashi zuwa Sakkwato. Da ya ke hanya ba ta da lafiya saboda hare-haren Gobirawa da Katsinawan Maraɗi, sai ya shiga ayarin Galadiman Sakkwato, suka bi ta Kuraye da Kurfi, suka sauka a Zakka, wadda ke ƙasar Safana a yau, sa'an nan suka ratsa daji zuwa Zurmi.

Abin lura game da wannan baƙo shi ne, bai jira tafinta ba. Ya zo da Larabcinsa, ya koyi Hausa a hanya, ya ƙara da Barbarci da Fillanci. Saboda haka ya zauna da malamai da fatake ya ji daga bakinsu, ya koma ya rubuta littattafai biyar waɗanda masu binciken tarihin ƙasar Hausa ke komawa gare su har yanzu. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya ga Hamburg da Balin da idonsa, kuma ya taimaki wani Bajamushe, J. F. Schön, wajen rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Ɗan Hausa ma, watau Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, haifaffen Basel ne a Suwizalan, inda Jamusanci ne harshen gari. Tun 1963 kuma gidan rediyon Deutsche Welle ya ke watsa shirye-shirye da Hausa.

Ashe dai da Jamusawa suka bukaci sanin ƙasar Hausa, harshenta suka fara kamawa. To, wanda ya ke bukatar sanin abin da ke hannunsu, sai ya yi yadda suka yi.

3. Amfani na farko: sana'a

Bakanike a Safana ya iya kwance injin ban-ruwa ya mayar, amma yawanci da ido da kunne ya koya, in matsala ta wuce abin da maigidansa ya nuna masa sai ya tsaya. Jamusawa suna da wani tsari na koyon sana'a da su ke kira Ausbildung. Almajiri yana yin waɗansu kwanaki na mako a ma'aikata, waɗansu a makaranta, har shekara biyu zuwa uku da rabi, ana biyansa ko wane wata, a ƙarshe ya yi jarrabawa a ba shi takardar shaida. Sana'o'in da hukuma ta amince da su a wannan tsari sun wuce 300, akwai kanikanci da aikin lantarki da gini da haɗa famfo da noma. Aikin jinya ma ta irin wannan hanya a ke koyonsa.

Mutanen Jamus suna tsufa, masu aikin hannu sun yi musu ƙaranci. Domin haka a watan Maris na 2020 suka fara aiki da wata doka da ta sauƙaƙa wa masu sana'a daga wajen Turai shiga ƙasar, suka ƙara faɗaɗa ta a 2023. Amma koyarwar da Jamusanci a ke yi, jarrabawar ma haka. Wanda bai ji harshen ba, ƙofar a rufe ta ke gare shi ko da hannunsa ya fi na kowa.

4. Amfani na biyu: ilmi mai zurfi

Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba su karɓar kuɗin karatu, sai ɗan abin da a ke biya ko wane zango domin hidimar ɗalibai. Akwai inda aka bambanta, kamar jihar Baden-Württemberg, wadda tun 2017 ta ke karɓar Yuro 1,500 a zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai. Ko da ya ke akwai darussan digiri na biyu da a ke yi da Ingilishi, galibin na digirin farko da Jamusanci ne. Hukumar DAAD, wadda aka kafa a 1925, tana ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu, musamman waɗanda suka riga suka gama digirin farko. Saboda haka wanda ya fito daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da sakamako mai kyau a fannin noma ko kimiyya, in ya haɗa da harshen, ya tsere wa 'yan'uwansa masu nema.

5. Amfani na uku: ciniki

Jamus tana sayen riɗi da citta da zoɓo da ƙaro daga ƙasashen Afirka, da yawansu ta tashar jiragen ruwa ta Hamburg su ke shiga. Mai saye a can yana da ƙa'idodi masu tsanani a kan tsabta da ragowar maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin da a ke zuba masa a rumbu, manoma da 'yan kasuwa suka yi hasarar kasuwa babba. Ƙungiyar manoma da ke da ɗanta wanda zai karanta waɗannan ƙa'idodi, ya rubuta wasiƙa, ya tsaya a baje-kolin abinci na Anuga a birnin Kolon ya yi magana da mai saye da harshensa, ta rage dillalai tsakaninta da kasuwa. Haka nan attajirin Kantin Kwari mai sarin shadda daga Ostiriya.

6. Gargaɗi

Wajibi ne a faɗi gaskiya: harshe ba sana'a ba ne. Kamfanonin Jamus da ke Nijeriya da Ingilishi su ke gudanar da yawancin aikinsu, kuma ba su ɗaukar mutum don ya iya gaisuwa. Injiniya su ke nema, ko mai walda, ko akawu. Jamusanci ƙari ne da ke ɗaga mai sana'a bisa sa'o'insa. Saboda haka sai yaro ya fara gyara lissafinsa da Ingilishinsa, ya kama sana'a guda ya riƙe.

Na biyu, tafiya tana da tsada. A 2024 an ƙayyade wa ɗalibin jami'a ya nuna Yuro 11,904 na guzurin shekara kafin a ba shi biza, in ba shi da tallafi.

Na uku, a yi hankali da mayaudara. Fitinar ɓarayin dajin Rugu ta raba mutane da yawa da gonakinsu da dabbobinsu, zaman banza kuwa ya sa waɗansu samari sauraron masu cewa za su kai su Turai ta Agadas da Libiya. Mutane da yawa sun halaka a wannan hanya, cikin hamada da cikin teku, wanda ya tsira kuma ya isa ba takarda, ba harshe, ba izinin aiki. Kuɗin da a ke ba mai safara ya isa a yi karatun harshe har a ci jarrabawa. Wanda ya shiga gida ta ƙofa shi a ke shimfiɗa wa tabarma.

7. Wuyar harshen da sauƙinsa

Jamusanci ɗan'uwan Ingilishi ne. Gida Haus, hannu Hand, ruwa Wasser, littafi Buch. Wanda ya yi sakandare zai ji kamar ya taɓa gamuwa da su. Ana kuma karanta shi kusan yadda aka rubuta, kamar Hausar boko.

Wuyarsa tana cikin nahawu. Hausa tana da jinsi biyu, namiji da tamace, Jamusanci yana da uku, der da die da das, kuma dole a haddace ko wane suna tare da nasa. Sau da yawa aikatau sai a ƙarshen jimla ya ke zuwa. Amma wanda ya yi makarantar ilmi yana da wata dama da ɗan Ingila ba shi da ita. Ya san yadda ƙarshen kalma ke sauyawa a Larabci tsakanin rafa'u da nasabu da jarru. Jamusanci irin wannan ya ke yi, sai dai nasa hawa huɗu ne. Sautin ch na cikin Buch daidai ya ke da harafin ha mai ɗigo a sama. Ƙidaya ma irin ta Larabawa ce, 21 sai su ce ɗaya da ashirin.

8. Yadda za a fara

An raba ƙwarewa hawa shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Mai neman koyon sana'a yawanci B1 a ke bukata daga gare shi, mai aikin jinya B2, ɗalibin jami'a kuwa sai ya wuce haka. Cibiyar Goethe, wadda ta buɗe reshenta a Legas a 1962, ita ke shirya jarrabawar da aka fi sani, kuma a lissafinta kaiwa B1 yana cin darasi 350 zuwa 650, ko wanne na minti 45. Ma'ana, mai ba harshen awa guda kullum ba fashi zai iya kaiwa cikin wata tara zuwa shekara guda da wata huɗu. Deutsche Welle tana da darussa kyauta a intanet daga A1 har B1, waɗanda a ke iya bi ta wayar hannu. Jami'o'in Ibadan da Ife da Nsukka kuma suna koyar da harshen.

Ya fi kyau mutum uku ko huɗu su haɗu, su sa lokaci bayan La'asar, su riƙa yi wa juna tambaya, gama harshe ba ya zama a bakin da ba ya furta shi. Iyaye da malaman makaranta su ƙarfafa wa mai himma gwiwa, mace ko namiji. Wanda Allah ya ba shi sa'a ya je ya koyo, ya tuna rijiyoyin burtsatse da suka lalace a ƙauyuka, da asibitocin da ba su da isassun ma'aikata, da taraktocin da ke jibge ba mai gyara. Waɗannan su ke jiransa a gida.

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe ne Jamusanci ya ke harshen hukuma?
2. Waɗanne garuruwa Abdulkarim ya bi tsakanin Katsina da Zurmi a 1853, kuma me ya sa bai bukaci tafinta ba?
3. Mene ne Ausbildung, kuma wane hawa na harshe a ke nema kafin a shiga?
4. Me ya sa aka ce harshe ba sana'a ba ne?
5. Ta wace hanya sanin Larabci ke taimakon mai koyon Jamusanci?