Shawarwari 7 Ga Mai Son Haɗa Rediyon Kwamfuta A Gida

Bahaushe da rediyo sun daɗe tare. Tun 1957 da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, iyayenmu ke murza akwati suna neman gajeren zango. Yau akwai rediyon da ake kira SDR, wanda manhajar kwamfuta ce ke yi masa aikin zaɓar tasha da tace sauti, aikin da a da sai da tarin ƙananan kayan lantarki. Magidanci zai iya haɗa shi tare da 'ya'yansa, idan ya bi a sannu.

1. Fara saurare kafin ka kashe kuɗi. Jami'ar Twente da ke Holan ta ɗora rediyonta a intanet kyauta, ana kiransa WebSDR. Da wayarka za ka shiga, ka ga tashoshin gajeren zango sun bayyana layi-layi a fuskar wayar, ka taɓa wanda kake so ka ji. Idan abin ya kwanta maka a rai, sannan ka sayi kaya.

2. Sayi ƙaramar na'urar RTL-SDR. Girmanta bai fi na filashi ba, kuma a ramin USB ake soka ta. Asali don kama talabijin aka ƙera ta, sai a wajen 2012 masu sha'awar rediyo suka gano cewa ƙwaƙwalwarta, RTL2832U ta kamfanin Realtek, tana iya miƙa wa kwamfuta ɗanyen sigina. Yawancin irin waɗannan na'urori suna kama daga megahaz 24 zuwa kusan 1,700. Gajeren zango kuwa yana tsakanin 3 da 30 ne, don haka idan shi kake so, tambayi mai kaya ko tasa tana sauka ƙasa, kamar samfurin V4. Jabu sun yi yawa, ka bincika sosai.

3. Sa manhajar da ta dace. A Windows akwai SDR#, a Linux akwai Gqrx, a wayar Android kuma akwai SDR Touch tare da igiyar OTG. Gwajin farko ya zama tashar FM ta garinku, tsakanin megahaz 88 da 108. Da zarar ka ji muryar da ka saba da ita, ka tabbata komai ya haɗu daidai.

4. Ba eriya haƙƙinta. Na'ura mai tsada da eriya marar kyau asarar kuɗi ce. Lissafin ba wuya: raba 75 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon kowane hannu na eriya a mita. Ga FM a megahaz 100, yanki wayar tagulla biyu, kowacce santimita 75, ka haɗa ɗaya da tsakiyar igiyar dish, ɗayar da ragar da ke zagaye da ita. Ga jiragen sama da ke sanar da wurinsu a megahaz 1090, santimita 7 bai cika ba. Gajeren zango kuwa doguwar waya yake so, mita goma ko fiye, daga katanga zuwa bishiya. Bari yara su riƙe tef su auna da kansu, don nan ne lissafin makaranta ke zama abin gani.

5. Nemo masu kawo ƙara a gidanka. Inbata, cajar waya mai arha, kwan LED da na'urar cajin sola duk suna zuba hayaniya a iska. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon allon, za ka ga wanda ke dusashe tashoshi. Yi amfani da kwamfuta a kan batirinta, ka nisanta eriya daga waɗannan kaya. Ka kuma lura da lokaci: a gajeren zango, da dare ƙananan mitoci sun fi tafiya nesa, da rana kuma na sama.

6. Kiyaye rai da dukiya. Kada eriya ta kusanci wayar wutar lantarki, ko da iska ce za ta kaɗa ta. Da damina, hadari na haɗowa ka cire igiyar daga na'ura ka fitar da ita daga ɗaki, domin tsawa ba ta sallama. Na'urar tana zafi, ka ajiye ta inda iska ke ratsawa, ka kuma kare ta daga ƙurar hunturu.

7. San iyakarka a wajen hukuma. RTL-SDR saurare kawai take yi. Wanda zai aika sigina sai ya samu lasisi da lambar kira: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Ka bar sadarwar jami'an tsaro, kada ka naɗa, kada ka yaɗa. Idan hannunka ya faɗa har kana son haɗa allon rediyo da dalma, je wajen mai gyaran rediyo na unguwarku ya nuna maka.

Iyaye, idan kun ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo, kada ku kore shi. Ku ba shi waya da tef, ku zauna kusa da shi, ku kuma kula kada ya taɓa wuta.