Kyanwa Mai Ƙoshin Lafiya da Ƙwayar Cutar da Ba Ta Jin Magani

Malama mai sauraronmu daga Zariya, kin tambaya ko kyanwa lafiyayya na iya sa wa yara cuta. Tana iyawa. Ƙwayar E. coli kan zauna a hanjin kyanwa da kare babu alamar ciwo, kuma wasu nau'o'inta na fitar da sinadarin da ke karya ƙarfin magunguna irin su amfisilin. Ta kashi take fita, ta hau gashi, ta bi hannu zuwa baki. In ta shiga mafitsarar mutum, sai irin waɗannan magunguna su ƙi ci. Ba dabba ɗanyen nama na ƙara haɗarin. Kada ki kori kyanwar, Malama. A kwashe kashinta, a wanke hannu da sabulu, kuma kada a ba ta ragowar kafso sai da izinin likitan dabbobi.