Wankin Ƙoda Ta Ciki: Yadda Ake Gane Ya Wadatar

Idan ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru a jini. Asibitocin Nijeriya sun fi wanke shi da inji. Amma akwai wata hanya ta tantanin ciki, wadda masana biyu, Popovich da Moncrief, suka bayyana a Amurka a 1976. Likita zai sa siririyar roba a cikin majiyyaci, a zuba ruwan magani kimanin lita 2, ya zauna awa 4 zuwa 6 yana jawo datti, a tsiyaye shi, a sa sabo, sau 4 kullum. Ruwan yana da tsada da wuyar samu a ƙasar nan, amma a gida ake yi. Mutumin Kagoma ko Kafanchan da ya samu zai huta da sintiri zuwa birni kowane mako.

To, tun da babu likita a kusa, ta yaya za a san wankin ya wadatar?

1. Majiyyaci ya tara fitsarinsa na awa 24 duka, da ruwan da ya fito daga cikinsa, ya kai asibiti, a ɗebi jininsa. Da su ake lissafin yuriya, wato dattin da ya fita. Ma'aunin, ana kiransa Kt/V, ana so kada ya gaza 1.7 a mako.

2. A yi awon cikin watan farko, a riƙa maimaitawa kamar bayan wata 4.

3. Ya hau sikeli kullum, ya rubuta yawan ruwan da ya shiga da wanda ya fito.

4. Kumburin ƙafa, sarƙewar numfashi, tashin zuciya da ƙin abinci alamu ne na gazawar wankin. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki ta ce kada a dogara da lissafi kaɗai, a duba jikin majiyyaci.

Ɗan fitsarin da ya rage yana cikin lissafin, kuma yana ƙara tsawon rai. Maganin ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da jiƙon da ba a san haɗinsa ba, suna iya ƙafar da shi. A guje su.

Ruwa in ya fito gurɓatacce, ko ciki ya yi ciwo, a garzaya asibiti a ranar.